Ku rubuta ciwon yadda kuka gan shi

Ƙannena da kuka fara aiki a asibitocin Garwa, Marwa da Ngawundare, na ɗakin wankin ciwo da na kan rajista, maganata da ku a kan ɗinkin tiyata ce idan ya ƙi haɗewa.

Kwanakin baya an kawo mana wata baiwar Allah daga ƙauye, mako uku da yi mata tiyatar haihuwa, ɗinkin ya buɗe yana zubar da mugunya. Na duba karnen asibitinta, wato littafin da ake rubuta jinyarta, layi shida, kowanne "pansement fait", wato an wanke ciwo, sai sa hannu. Yaushe ya fara buɗewa? Yana raguwa ne ko ƙaruwa yake? Wane magani ta sha? Takardar ba ta ce komai ba. Ita kuma ta ce allurai dai aka yi mata. Dole muka fara daga tushe, mijinta ya sake biyan kuɗin gwajin da wataƙila an riga an yi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Duk ranar da ka buɗe ciwo, ka sa kwanan wata da kwanakin da aka yi bayan tiyata. Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ba "ƙarami" ko "babba" ba, don babban wani ƙaramin wani ne. Ka faɗi abin da ke fita, jini ne ko ruwa ko mugunya, da wari ko babu, da zazzaɓi ko babu. Fata ce kaɗai ta rabu, ko abin ya kai tantanin da ke riƙe ciki? Wannan tambayar ita ke raba wanda za a ci gaba da wanke masa da wanda za a koma da shi ɗakin tiyata. Idan ruwa ja-ja ya yawaita daga ɗinkin ciki a makon farko, kira likita kafin ka ɗauki biro. Ciwon suga da ƙarancin jini da rama su ma su shiga takarda, domin su ne sukan hana nama haɗewa.

Ku na rajista, ku kula da lambobin CIM-10, wato kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Buɗewar ɗinkin tiyata T81.3 ce, shigar ƙwayoyin cuta bayan tiyata T81.4. Amma mai jego tana da nata: O90.0 idan ɗinkin tiyatar haihuwa ya buɗe, O86.0 idan ya kamu da cuta. Nan ake yawan zamewa. Kuma kada ku yi hasashe. In likita bai rubuta cewa daga tiyatar matsalar ta samo asali ba, ku tashi ku je ku tambaye shi.

Na san abin da ke riƙe hannun wasunku: kara. Kana jin nauyin babban likita, kana ganin rubuta cewa ɗinkinsa ya buɗe kamar tona masa asiri ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka, matan da ciwonsu ke kamuwa da cuta bayan tiyatar haihuwa sukan kai 20 cikin 100. Wannan ba hannun mutum ɗaya ba ne. Amma idan rahoton wata ya tafi ba ko ɗaya a ciki, wa zai duba tukunyar dafa kayan aiki, ko ya tambayi ko ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a yanka?

Kamuwar da ta bayyana cikin kwana 30 bayan aiki ana lissafa ta a kan tiyatar ne, ko da an sallami mutum ya koma gida. Saboda haka duk wanda ya dawo muku da ciwo a kan ɗinki, ku fara tambayarsa ranar da aka yi aikin da inda aka yi, ku rubuta a saman shafi.