Ganda Ai Ba Nama Ba Ce

Likita ne ya ja min wannan rigimar wallahi. Na je asibiti da ciwon kai da jiri, aka ɗaura min abin awon jini a dantse, mutumin nan ya kalli na'ura ya kalli tumbina, sai yace me kake ci da daddare? Nace tuwo. Yace bayan tuwon fa? Nace toh wani lokacin in na biyo ta wajen mai balangun bakin layinmu mukan gaisa. Yace gaisuwar ta nawa ce? Nan na yi shiru. Yace jinina ya hau, in rage jan nama da kitse da gishiri, in dinga ɗan taka ƙasa.

Toh ni a wata masana'antar roba nake aiki a Sharaɗa, ogana kuma Ba'indiye ne ɗan jihar Gujarat, ya haura sittin amma benen ofis ɗin nan da nake hawa ina haki ina riƙe ƙarfe shi da sassarfa yake haye shi yana waya, kuma tunda aka haife shi nama bai taɓa shiga bakinsa ba. Sai zuciya tace min ai ga magani nan a gabanka. Likita rage yace, ni kuma bana son aikin rabi da rabi. A daren na shiga guruf ɗin gidanmu na WhatsApp na rubuta cewa daga yau na zama bejiteriyan, na bar nama har abada. Ƙanwata ta turo innalillahi. Yayana ko magana bai yi a guruf ba, kirana ya yi a gefe murya ƙasa-ƙasa yace in albashi ne ba a biya ba ka faɗa min, ba abin kunya bane.

Da na shiga intanet sai na tarar abin ma hawa-hawa ne. Akwai masu shan madara su ci ƙwai amma ba nama ba kifi. Akwai masu madara kaɗai ba ƙwai, yawancin na Indiya haka suke. Akwai masu cin kifi, waɗanda su 'yan gaban sahu ma basu yarda nasu bane. Sai kuma 'yan bigan, su ne manyan, ba nono ba man shanu ba ƙwai, zuma ma basa sha wai haƙƙin ƙudan zuma ne, takalmin fata ma basa sawa. Kuma ashe ba sabon yayi bane, tun 1847 aka kafa musu ƙungiya a Ingila, 'yan bigan ɗin kuma a 1944 wani Donald Watson da mutanensa suka ware suka kafa tasu. Ni dai na ɗauki ajin farko, don duk tsarin da zai raba ni da fura da kindirmo ba da ni za a yi shi ba.

Uwargida ta saurare ni tsaf har na gama lacca, tace toh Allah ya taimaka, amma dai kuɗin cefane yana nan yadda yake ko? Washegari aka kawo tuwon masara miyar kuka, na leƙa kwano ba yanka ko ɗaya, na ji daɗi nace an fahimce ni. Loma ɗaya na kai naji wani garɗi da ban yarda da shi ba. Nace me kika sa a miyar nan? Tace ba komai, ai na tsame maka naman. Wato tukunya ɗaya ce, ƙashi da ɓargo da tantaƙwashi sun wuni suna dahuwa a ciki, da ta tashi zuba nawa sai ta kwashe yankan ta ƙara wa yara. Nace ai romon ma nama ne. Tace haba Baban Ummi, romo fa ruwa ne.

Aka yi sulhu za a dinga yi min tukunyata daban, daddawa da albasa da barkono. Ita ma da na bi diddigi sai na tsinci takardar dunƙule a kwandon shara da hoton zakara ɓaro-ɓaro a jiki, ga garin kirefish an barbaɗa. Tace kirefish ƙwaro ne, ka taɓa ganin jininsa?

Hajiya kuwa aikowa ta yi in zo. Ta sa aka fitar da jikoki, ta tura ƙofa, tace ɗan nan faɗa min gaskiya, wani ya baka wani abu ka ci a wajen aikin nan? Nace Hajiya lafiya nake nema. Tace lafiyar ce ta sa ɗan da na haifa, wanda yana yaro sai da aka dinga rataye naman sallah a saman rufi saboda shi, zai ce baya son nama? Ta miƙo min rubutu a jarka na sha, don ba a musu da Hajiya. Sannan ta buɗe wani kwano, farfesun ganda ne ya sha yaji ya yi luguf yana rawa. Nace Hajiya ai na daina. Tace na sani, shi ya sa ban sa nama ba. Ganda fata ce, dukawa takalmi suke ɗinkawa da ita, kai ka taɓa jin ance takalmi nama ne? Na buɗe baki zan yi bayanin Ingila da 1847, ta kalle ni irin kallon nan, na wanke hannu.

A majalisa kuma fatawa aka buɗe a kaina. Wani yace na haramta abin da Allah ya halatta, wani yace yahudanci ne, har sai da malamin layinmu ya zo wucewa aka tare shi. Malam yace ku ƙyale bawan Allah, in dai bai ce haramun bane babu laifi, Annabi (SAW) an kawo masa damo bai ci ba kuma bai hana ba, Khalid bin Walid ya ja ya ci a gabansa. Na gyara zama ina jin yau na yi nasara. Ana cikin haka sai ga yarinya mai fara, soyayya ja-wur da yaji da lemon tsami, kowa ya sa hannu ni na naɗe nawa. Sai wani abokina, wanda shi a duniya ba abin da ya iya sai ƙure mutum, yace Allah gafarta malam ba an ce fara da kifi ba a yanka su ba? Malam yace haka ne, matattu biyu da aka halatta mana kenan. Yace toh abin da wuƙa bata hau ba ta ina ya zama nama? Malam yace shi dai halal da haram ya sani, wannan kuma ku tambayi Indiyawa. Na ci farar, amma ƙafafun na cire.

Abin da ya fi ba ni wuya wake ne. An ce wanda ya bar nama sai ya nemi abin gina jiki a wake da gyaɗa da waken suya, ni kuwa na ɗauki maganar da gaske. Safe ƙosai da koko, rana ɗanwake ko shinkafa da wake da mai da yaji, la'asar awara, dare alala (ita ma rannan na tsinci kifin gwangwani a tsakiyarta, aka ce don ƙamshi ne). Mutumin da a da alwalar azahar take kai shi isha'i, sai ga shi buta ta zama abokiyar tafiya. Na bar sahun farko da na shekara ina tsayawa na koma can baya kusa da ƙofa, har ladan ya tare ni yana tambaya ko wani ne ya ɓata min rai a masallaci.

Duk da haka ina ji da kaina, har na sa aka yi min kwaɗon zogale mai kyau, ƙuli da tumatir da albasa an yanka shara-shara, na kai wa oga don ya san ya samu ɗan'uwa. Ya buɗe ya yi murmushi ya rufe, da Hausarsa ta 'yan koyo yace albasa babu ci. Ashe shi mabiyin addinin Jain ne, su ba nama kaɗai ba, albasa da tafarnuwa da dankali da karas, duk abin da sai an tono shi daga ƙasa basa ci, wai in ka tuge ka kashe shukar gaba ɗaya har da ƙananan halittun da ke jikinta, kuma in rana ta faɗi an rufe cin abinci sai gobe. Kai jama'a, miya ba albasa! Ya ɗauko fakitin biskit ɗin ƙasarsu ya nuna min wani koren ɗigo a cikin ɗan akwati, yace a Indiya doka ce, in ka ga wannan ba nama a ciki. Yace in kula da bitamin B12, don a nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, rashinsa yana kawo ƙarancin jini da mutuwar yatsu. Sai ya hango kafso ɗin maganin da ke aljihuna yace wannan ɓawon ma yawanci da jelatin ake yi, daga ƙashi da fatar dabbobi. Wato dai gandar Hajiya ce ta zagayo ta biyo ni ta kemis.

Da na koma asibiti aka ɗora ni a sikeli sai aka ce na ƙara nauyi. Likita ya tambayi abin da nake ci, na lissafa masa da alfahari, ya cire tabarau yace malam duk abin nan da ka faɗa in ba a mai aka tsoma shi ba toh mai aka kwarara masa, ga gishiri ga dunƙule, ni rage nama nace maka ba ka koma gidan mai ƙosai da zama ba. Ni har yau ina kan bakana sikelin nan nasu ya lalace.

Gidan surukai ne ya ƙarasa ni. Baban uwargida dillalin shanu ne a karar Wudil, mutum ne da in ya kalli sa daga nesa zai faɗa maka kilo nawa zai yi. Muka je gaisuwa, ina durƙushe a zaure kaina a ƙasa aka shigo da wata ƙatuwar kula, ya buɗe da hannunsa, zabi ne an soya an sake dafawa da man shanu, ƙamshin har layi. Yace ai 'yar taka ta faɗa mana larurarka, Allah ya sawwaƙe, shi ya sa nace kar a taɓa rago, a kama maka tsuntsaye kawai. Bismillah. Toh ku faɗa min wane ɗan halak ne zai kalli surukinsa ya fara masa bayanin Donald Watson? Na ci, don ladabi. Ya ƙara min cinya, na ci, shi ma don ladabi. Ta taga ina jiyo dariyar uwargida da ƙannenta.

Jiya a majalisa abokin nan nawa ya ari biro ya yagi kwalin sigari yace a yi lissafi. Ƙwai da nono kana ci? Eh, tsarina ne. Kifi da fara? Ba a yanka su. Ganda? Umarnin mahaifiya. Kaza da zabo? Sai a gidan surukai. Naman layya fa in sallah ta zo? Nace malam yace mustahabbi ne mutum ya ci daga layyarsa, ni kuma bana wasa da sunna. Yace toh don Allah me ka daina ci? Na yi tunani na yi tunani nace naman raƙumi. Yace da kana ci ne? Nace a'a. Yace toh ka shirya ranar Asabar da sassafe, akwai wani mahauci a abbatuwa da yake ajiye masa tozo.