Ranar da waya ta tona mini asiri gaban suruki

A zauren kakana da ke Kanwuri kunnena ya buɗe. Tsohon yana da rediyo mai kaset, mai cin batir huɗu, waɗanda in sun yi sanyi ni ake aika in shanya su a rana. Daga safe har la'asar kotson Narambaɗa ne, yana wasa Sarkin Gobir na Isa. Ban kai shekara goma ba na iya amshi, ko da rabin zancen ban san inda ya dosa ba.

Sai bautar ƙasa ta jefa ni Ibadan, ɗaki ɗaya da samari uku da wata sifika mai kama da tulu. Satin farko na ce musu wannan ba waƙa ba ce, faɗan 'yan tasha ne. Kafin wata uku kafaɗata ta fara rawa ba da izinina ba. Da na dawo Sakkwato, a majalisar mai shayinmu ta Mabera har laƙabi na samu: Ɗan Kurmi.

To, ga neman aure ya taso. Mahaifin yarinyar dattijo ne mai farin gemu, carbi ba ya barin hannunsa. Ranar gaisuwa, don neman shiga, na ranƙwafar da kai na ce, "Ni Baba, in ba kiɗan fada ba, kunnena ba ya ɗauka." Ya ce madalla, ɗiyan yanzu ba su hakanan.

Ran wata Asabar aka ce in kai shi ɗaurin aure Wamakko. Na ari motar yayana, na sha babbar riga har da turare. Ina murza makulli, wayata ta gaisa da motar ta Bluetooth, ba sallama ba shawara. Ganguna suka tashi, wani Bayarabe ya kwarara murya har madubi na kaɗawa. Na kai hannu in rage, ashe ƙarawa nake yi. Na laluba aljihu, wayar ta shige can ƙarƙashin riga. Gumi ya tsinke mini, na fara lissafin kuɗin na-gani-ina-so da suka tafi a banza.

Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na saci kallo: carbin Baba ne ke bugun gwiwarsa, daidai da kiɗan.

"Yaro, bar shi," in ji shi. "Shekara tara ni yi Shagamu ina fataucin goro. Amma wanga na yara na. Ba ka da fuji na gaske?"

Ba ni da shi. Har muka isa Wamakko yana yi mini faɗan rashin sanin kiɗa.