A ƙirga yaran da suka shanye maganin

Kun dai ga rahoton da ake ta yaɗawa tun jiya, wai a zagayen rabon nan maganin rigakafin zazzabin damina ya kai ga yara fiye da kashi ɗari bisa ɗari. Kuma har ana taya juna murna. Jama'a, duk inda lissafi ya wuce ɗari bisa ɗari, lissafin ne ya lalace. Ko dai adadin yaran da ake aunawa da shi kintace ne da aka ɗora a kan ƙidayar jama'a ta 2006, ko an bai wa waɗanda suka haura shekara biyar, ko an zauna a gindin dalbejiya an cika takarda.

Maganin nan na kwana uku ne, ga yaro ɗan wata 3 zuwa wata 59, duk bayan kwana 28, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko ma'aikaci ke ba yaro ƙwaya biyu a gabansa. Ragowar biyun kuwa a hannun uwa ake barinsu, ɗaya gobe, ɗaya jibi. To takardar ƙirga ranar farko kaɗai ta sani. Abin da ya faru gobe da jibi babu wanda ya rubuta, alhali sai an cika ukun nan kariyar take zama yadda ake so.

A nan ɓarnar take. Yaro ya yi amai, uwa ta tsorata ta daina, don ba a gaya mata cewa idan ya amayar cikin rabin awa a nemi mai rabo ya sake ba shi ba. Wata ta adana, sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta raba da yayansa ɗan shekara bakwai, tausayi ne, amma duka biyun ba su samu cikakke ba. Wani gidan ba a shiga ba, aka miƙa maganin ta zaure, aka shafa alli a bango alamar an ba da. Rugage da ƙauyukan da ruwa ke yankewa a yankin Auyo da Haɗeja kuwa, wa ya je ya tabbatar?

A ƙirga yaran da suka shanye. Kwana huɗu ko biyar bayan rabo, a tura wanda ba ya cikin tawagar masu rabon, gara ma mace, ta shiga gida ashirin a mazaɓa. Kar ta ɗauki na bakin titi ko na kusa da gidan mai unguwa. Kar ta ce "Baiwar Allah, kin ba shi?", kowa eh zai ce don kunya. Ta ce "Nuna mini ledar maganin da katinsa." Ledar da babu komai ciki ita ce shaida. Daga nan a buɗe rajistar asibitin sha-ka-tafi, a duba yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar gwaji ya nuna musu zazzabin cizon sauro a Agusta da Satumba, a gwada da bara.

Za a ce babu kuɗin mai. Kuɗin taron rufe zagaye daga ina ya fito? Za a ce laifin iyaye mata ne. Uwar da aka yi wa bayani a tsaye cikin minti ɗaya ba ta da laifi.

Tunda ma an shiga gidan, a tafi da igiyar awon damtse. Yaro daga wata 6, in awon damtsensa ya faɗa ja a igiyar, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, a tura shi asibiti a ranar. Damina ce lokacin da rumbu ke yin ƙasa kafin gero ya nuna.