Lilon hannu a tafiya ba banza ba ne

Da yawa suna ɗauka cewa hannuwa lilo kawai suke yi in mutum na tafiya, kamar guga a bakin rijiya, aikin duk na ƙafa ne. Ba haka ba ne. Tsaya bakin Gadar Kennedy a Yamai ka duba masu wucewa: ƙafar dama ta yi gaba, hannun hagu ya bi ta. Akwai jijiyoyi cikin lakar baya da ke haɗa sashen wuya, mai kula da hannuwa, da sashen ƙugu, mai kula da ƙafafu. Shi ya sa ko an ɗaure hannuwa, naman bayan kafaɗa yana ci gaba da motsawa daidai da taku.

Nauyin hannu ma yana taimakawa wajen lilon, gaskiya ne, amma lilon yana da amfani: yana rage murɗawar jiki. Wani bincike na 2009 ya nuna cewa riƙe hannuwa cik yana ƙara cin ƙarfi da kusan kashi 12 cikin ɗari.

In dattijo ya daina lilo da hannu ɗaya, kada a ce tsufa ne kawai. Yana cikin alamun farko na cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki, a kai shi likita.