Wa ya buɗe mana ƙofa?

A bikin wata 'yar uwarmu a unguwar Birni ta Damagaram, wato Zinder, bayan sallar isha'i, mata suka rufe ƙofar gida suka shiga rawa a tsakaninsu kamar yadda aka gada. Wata yarinya 'yar shekara 19 ta taka har ɗankwalinta ya faɗi, ana ta guɗa. Ɗaya daga cikin baƙi ta ɗauka a waya ta ɗora a wata manhaja. Kafin sati ya zagayo bidiyon ya isa wayoyin 'yan kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole, ya shiga fadodin samari, wannan ya liƙa masa wa'azi, wancan ya liƙa masa ashar. Dangin saurayin yarinyar suka aiko a mayar musu da kayansu. Da na je gaida uwar yarinyar na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce: "Ɗana, a cikin gida fa aka yi. Wa ya buɗe mana ƙofa?"

Wadda ta ɗora tana da laifinta, amma mabiyanta ba su kai 100 ba. Abin da ya yi wa bidiyon fukafukai shi ne algoridim, wato lissafin da ke zaɓar abin da zai biyo baya in ka ja yatsa. Yana auna daƙiƙa nawa ka tsaya, ko ka sake kallo, ko ka yi sharhi, ko ka tura gaba. Bai san bambancin mai zagi da mai cewa "Allah ya shirya" ba; duka sun tsaya, kuma tsayuwar nan ita kamfani ke sayar wa masu talla. Mai wa'azin da ya ɗauka yana gyara tarbiyya, itace ya ƙara wa wutar.

Ba zato nake yi ba. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. Sun nuna cewa daga 2017 alamar fushi tana da nauyin alamar "so" sau biyar a lissafin, kafin daga baya a sauke ta. Sun kuma nuna kashi 87 cikin 100 na kuɗin gano labaran ƙarya a Amurka ake kashe su, sauran duniya ta raba kashi 13. To ina Hausa a wannan rabo, balle Barbarci ko Tamashek? A 2018 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shafinsa a tunzura mutane a Myanmar, inda aka yi wa Musulmin Rohingya kisan gilla.

Mu a Damagaram ba sai an ba mu labarin nesa ba. Mun ga Juma'ar 16 ga Janairun 2015, ranar da fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya ƙare da ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. A lokacin wayar intanet ba ta cika hannaye kamar yau ba. Gabana yakan faɗi in na tuna cewa yanzu kowace fada tana da injin da ribarsa ke ƙaruwa da zafin ran jama'a.

Hukuma kuwa sandarta ta ɗauko. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya. A 2022 aka cire ɗaurin aka bar tara, a Yunin 2024 aka dawo da shi: shekara 1 zuwa 3, sannan shekara 2 zuwa 5 ga wanda ya yaɗa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiya. Na fahimci damuwar da ke bayan wannan, ƙasa tana cikin yaƙi kuma ƙarya tana kisa. Sai dai wa sandar take samu? 'Yar jarida Samira Sabou ta shiga gidan kaso a Yamai a 2020 kan rubutun Facebook game da binciken kuɗin sayen kayan soja. Mai ƙarfi ya san hanyar kotu. Uwar da ke tsintar shinkafa ba za ta je kwamisariya ta sake tona asirin 'yarta a gaban maza ba. Kuma babu alƙalin Zinder da sammacinsa zai kai ga lissafin da ake sarrafawa daga Kalifoniya ko Singafo. Sakamakon shi ne mai gaskiyar faɗa ya kama bakinsa don tsoro, cinikin tonon asiri kuma yana tafiya.

Kar a ɗauka ina kiran a rufe. Mun ɗanɗana a Fabrairun 2021, bayan zaɓe, da aka katse intanet na waya kusan kwana 10. Matar da ke sayar da atamfa ta WhatsApp ta zauna, tsohon Kantche da ke jiran saƙon murya daga ɗansa a Aljeriya ya yi ta duba waya a banza. Saƙon murya ya bai wa wanda bai yi lakkwal ba bakin magana, kuma wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne.

Abin da nake nema a gane shi ne rufin asiri haƙƙi ne daidai da faɗin albarkacin baki. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta sa su duka, ɗaya a sashe na 12, ɗaya a na 19, kuma tun kafin ita malamanmu ke karantar da haramcin bin diddigin mutane. Muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Ya kamata ta zo Zinder ta buɗe ƙofar da mace za ta kai kuka da Hausa, a asirce, a tilasta sauke bidiyo cikin kwanaki. Nijar ita kaɗai ba za ta girgiza waɗannan kamfanoni ba, amma in ta haɗa murya da Najeriya, inda kasuwar take, za a iya matsa musu su ɗauki masu tacewa da suka san habaici da zambo na Hausa.

Yarinyar tana wurin gwaggonta a Mirya yanzu. A bikin da ya biyo baya a danginmu, wata tsohuwa ta zauna a zaure da kwando, duk macen da za ta shiga sai ta ajiye wayarta a ciki.