Ganawar ɗaukar masu rubuta manhaja ba gasar hadda ba ce

Wata magana na yawo tsakanin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Damagaram, kuma tana damuna: wai a ganawar neman aiki, wanda ya haddace Python, wani harshen rubuta manhaja, ya zubo amsa ba tsayawa shi ake ɗauka, mai yin tambaya kuwa ya tona asirin kansa. Ban ga laifinsu ba, haka jarrabawar lakkwal ta saba mana.

Amma masu ɗaukar aiki tunaninka suke son gani, tunda a bakin aiki ba mai hana ka duba intanet.

A ce an ba ka jerin lambobin waya, ka fitar da waɗanda suka maimaitu. Mai gaggawa zai hau rubutu. Mai lura zai tambaya: duka alƙaluma 8 ne, ko wasu na ɗauke da +227 a gaba? In bai tambaya ba, kwamfuta za ta ɗauki lambar mutum ɗaya a matsayin biyu. Ko ya kakare a tsakiya, muddin yana faɗin abin da yake gwadawa, galibi mai ɗaukar aikin zai ɗora shi bisa hanya, kuma yadda ya karɓi gyaran ma ana lissafa masa.