Abin da ke kai ɗalibi ajin Koriyanci daban, abin da ke zaunar da shi daban

Ƙididdigar da ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, wato MLA, ta fitar ta nuna cewa tsakanin 2016 da 2021 rajistar darussan harsunan waje a jami'o'in ƙasar ta ragu da kusan kashi 17 cikin 100, amma ta harshen Koriya ta ƙaru da kashi 38. Dalilin a fili yake, domin fina-finan Koriya ta Kudu da waƙoƙin K-pop sun shiga wayar kusan kowane matashi. Sai dai mafi yawan waɗannan ɗalibai a azuzuwan farko suke, kuma ajin da ya cika maƙil a zangon farko yakan koma na mutum kaɗan kafin a kai shekara ta uku.

A ganina, sauƙin makonnin farko shi ke yaudarar ɗalibi. Haruffan rubutun Koriyanci, wato Hangul, waɗanda Sarki Sejong na Koriya ya ƙirƙiro a 1443 domin talaka ya iya karatu, guda 24 ne kacal, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma mai ƙwazo kan iya haɗa su ya karanta sunan gwanin mawaƙinsa cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai ya ɗauka haka tafiyar za ta ci gaba, alhali cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Koriyanci cikin harsuna mafi wuya ga mai jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Japananci, inda ta ƙiyasta masa sa'o'i 2,200 na zaman aji.

Wahalar kuwa ba a wuri ɗaya take ba. Aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla, kuma ƙarshensa yana sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana, ta yadda ba za a gaya wa malami abu da sigar da aka gaya wa aboki ba. Bahaushen da ya saba ce wa dattijo "ku" zai fahimci manufar, amma a Koriyanci ladabin ya ratsa kusan kowace jimla, har wasu kalmomin na cin abinci da barci sukan canja gaba ɗaya idan babba ake nufi. Ko faɗin lokaci ma sai an haɗa lissafi iri biyu: a faɗi awa da ƙidayar Koriya ta asali, a faɗi minti da ƙidayar da aka aro daga Sin. Ɗalibin da ya zo don ya fahimci fim ba tare da fassara ba, idan ya yi shekara guda yana wannan fama kuma har yanzu bai iya bin hirar 'yan wasa ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi, musamman idan makin ajin ya fara ja masa sakamako ƙasa.

Waɗanda ke jurewa galibi suna da wani abin da suke hange bayan sha'awar. Wani yana neman mataki na 3 a jarrabawar TOPIK ta gwada ƙwarewa a Koriyanci, mai matakai shida, domin shi ne jami'o'in Koriya da dama ke nema kafin su ɗauki baƙon ɗalibi, kuma shi ake bukata daga masu cin tallafin karatu na gwamnatin ƙasar bayan shekarar koyon harshe. Wani aiki yake hange a Samsung ko Hyundai, wani kuma ɗan asalin Koriya ne da aka haifa a waje, yana son ya yi hira da kakarsa.

Saboda haka ban yarda a ɗora laifin duka a kan ɗalibai a ce ba su da naci ba. Jami'ar da ta haɗa sabon shiga da wanda ya tashi yana jin harshen a gida a aji ɗaya ta riga ta karya wa na farkon gwiwa. Haka ma wadda ta tsara jadawalinta ta yadda ɗalibin injiniya ba zai samu damar ɗaukar aji na uku ba. Ya kamata sashen harshen ya faɗa wa ɗalibai tsawon tafiyar tun makon farko, ya ɗaura kowane aji a kan wani mataki na TOPIK, sannan ya nema musu zangon karatu ɗaya a Seoul ko Busan kafin ƙarshen shekara ta biyu, lokacin da da yawansu ke yanke shawarar ajiyewa.